Umma, Muryar Baba Ta Dishe

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Binta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da durƙuso irin wanda kika koya min, ina fatan sallamar nan ta same ki cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Na kuma san wasu ne za su karanta ta a shafin nan, to su yi haƙuri, yau da ke nake magana, su 'yan rakiya ne.

Ina rubuto miki daga wani benci a bakin ruwa, nan unguwar Al Ras ta Dubai, bayan la'asar. Tun azahar na kasa zama wuri ɗaya. Na hau abra, ɗan kwalekwalen nan da ke tsallakar da mutane, na je wancan gefen ba don ina da abin yi a can ba, na sake hawowa na dawo, na sake komawa. Mai tuƙin har ya fara kallona ta gefen ido. Da kina nan da tuni kin ce, “Ke Mai-sunan-Hajiya, nemi wuri ki zauna, kin sa ni jiri.”

Ga abin da ya hana ni zama. Makarantu biyu sun ba ni gurbin digiri na biyu, kuma kafin Juma'a dole in amsa wa ɗaya in saki ɗaya. Ta farko tana nan kusa, in fita da safe in dawo in tuƙa wa Baba tuwo. Ta biyun tana Birtaniya. A tsakaninsu ga Baba zaune da maƙogwaron da aka yi wa aiki, ni kaɗai gare shi a garin nan.

Bari in ɗauko miki daga tushe, don na san ba kya son labarin da aka faro daga tsakiya.

Kin tuna ranar da na ce zan tafi Indiya karatun gyaran magana? Kina tankaɗe kika ɗago kika ce, “Yanzu magana ma sai an hau jirgi an koyo ta? Mu da muka koya a tsakar gida fa?” Na yi ta yi miki bayani: yaran da suka makara ba su fara magana ba, masu in'ina, waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye harshe ya yi nauyi. Kika ce to Allah Ya sa albarka, amma in na dawo in fara da ƙanwarki Asabe, ita rage mata za a yi. Ba ki ga dawowar ba. Bayan rasuwarki Baba ya ɗauko ni nan Dubai, na sami aiki a wata cibiyar yara a unguwar Karama, ina taimaka wa masu koya musu magana. Ina son yaran, suna sona, da haka ma sai rayuwa ta tafi.

Sai dai a cikin karatun namu akwai wani ɗan reshe da ba kowa ke bi ba, wanda ya shafi murya ita kanta: yadda take fita, abin da ke kashe ta, da yadda ake dawo da ita. A Indiya babi ɗaya muka yi a kansa muka wuce. Ke kuwa da ba ki buɗe littafin ba, kin fi mu sanin murya ta hanyarki.

Tun ban iya tafiya ba Baba yake Dubai, ke kina Fagge. Kin ƙi zuwa ko sau ɗaya, kin ce garin da ba a jin carar zakara ba gari ba ne. A waya kika yi zaman aurenki, kuma a wayar ba abin da yake iya ɓoye miki. Daga sallama kawai za ki ce, “Alhaji, muryar nan ba ta karya ba.” Ya ce ya karya. Ki yi shiru. Can sai ya ce to shayi dai ya sha. Wata rana ki ce, “Wannan muryar a ƙarƙashin esi ta kwana.” Akwai lokacin da kika ce ya je asibiti yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau, washegari zazzaɓi ya kwantar da shi. Mu muna dariya muna cewa Umma tana da aljani a kunne.

Kin san sana'arsa a baki, amma ba ki gan ta da ido ba, bari in nuna miki. Shagon ɗan siriri ne, tsakanin mai sayar da kayan ƙamshi da wani Ba'iraniye mai busasshen lemon tsami. Mutane daga Kano suna aiko da abin da suke so, abaya, turare, takalma, kayan kicin, shi ya saya, ya ɗaure, ya ɗora a kwantena. Yawancin masu hulɗa da shi, musamman hajiyoyin kasuwa, ba ruwansu da rubutu. Komai da saƙon murya ake yi. Kowane saƙo da abu ɗaya yake farawa: “Salamu alaikum, Alhaji Sabo ne daga Dubai.” In kaya sun bar gari ya rufe da, “Kaya sun tashi, khalas,” wato shi ke nan da Larabci. Ba mai neman takarda a wurinsa, muryar ita ce sa hannun. Maganar da ya yi da kai a baki a cikin shago, kana iya ja, ku yi ciniki, ya sassauta. Wadda ya danna waya ya ɗauka ya turo maka kuwa ta zauna, shi kansa ba ya komawa kanta.

Daga asuba zuwa isha'i bakinsa na kan wayar nan. In ya je Port Saeed wajen lodin kaya kuma sai ya ɗaga murya sama da ƙarar injuna, yana yalla-yalla da Larabci da Urdu, in sun ƙure shi ya juye Hausa. Ya fito daga zafin da ke narka takalmi ya faɗa sanyin esi, ya sake fita. Shayi kofi bayan kofi, ruwa kuwa sai na alwala. Ga turaren wuta a shago ba ya mutuwa. Kafin kowane saƙo kuma sai ya yi gyaran murya mai ƙarfi, irin na limamin da zai ta da salla.

Bayan azumin da ya wuce muryar ta fara dishewa. Da farko da safe ne kawai, daga baya ta zama ta yini. Abokansa na kasuwa kowa ya zama likita: zuma, citta, kanumfari, ɗanyen ƙwai, har da wanda ya kawo wani baƙin mai a kwalba ya ce daga Madina. Da abin ya ƙi, sai Baba ya koma yin raɗa, wai yana adana muryar. Na ce masa raɗa ba hutu ba ce, takura maƙogwaro take ƙara yi. Ya dube ni ya ce, “Uwata, ke da yara kike aiki.” Maganar ta yi min zafi, Umma, don gaskiya ce. Abin da na sani bai wuce babi ɗayan nan ba.

Sai ga maganar Hajiya Talatu. Ƙawarki ta Kantin Kwari, wadda ta kwana uku a gidanmu lokacin zaman makokinki. Baba ya tura mata saƙo cewa kayanta sun tashi, da muryar nan tasa mai kama da ana jan buhu a siminti. Amsarta ta dawo nan take: “Wannan ba muryar Alhaji ba ce. Ko kai wane ne, ka ji tsoron Allah ka mayar wa bawan Allah wayarsa.” Kafin la'asar ta sanar da duk matan layinsu cewa an sace wayar Alhaji Sabo, kowa ta yi hankali. Na karɓi wayar na yi mata bayani da muryata, na ce ni ce 'yar Hajiya Binta. Ta ce ai ga shi nan, ɓarayin har mace sun samo. Sai da muka kira ta ta bidiyo ta ga fuskarsa, ta kama salati tana ba da haƙuri tana kuka. Baba ya yi dariya, kafaɗunsa suna rawa ba sauti. Amma ranar bai taɓa tuwonsa ba. Matar da ta shekara da shekaru tana jin sa ta ce ba shi ba ne, kuma a fuskarsa na ga tsoro, abin da ban taɓa gani ba.

Washegari da kansa ya ce mu je asibiti. Likitan maƙogwaro ya zura masa wata siririyar kyamara ta hanci, sai ga cikin wuyan Baba a allo. Wasu 'yan tsoka biyu farare, suna buɗewa in ya ja numfashi, suna haɗuwa in ya ce “iii”. A gefen ɗaya akwai ɗan tsiro kamar ƙwayar dawa, shi ya hana su rufuwa. Likita ya ce ba mugun ciwon nan ba ne, muka yi hamdala. Ni kuwa na tsaya ina kallon allon baki buɗe. Duk faɗan da aka yi mana, duk “Allah Ya yi miki albarka”, duk kwantenar da ta tashi, daga 'yan abubuwan nan biyu suka fito, waɗanda ba su kai farcen yatsa ba. Aka cire tsiron. Aka ce kwanaki ba magana ko kaɗan, daga baya a riƙa yi kaɗan-kaɗan da awo. Ki ƙiyasta Baba da shiru, Umma. Da ido yake faɗa, kuma wallahi ana ji.

Aka haɗa shi da mai gyaran murya, wata 'yar Kerala ta ƙasar Indiya mai haƙurin gaske. Ta ba shi kofin ruwa da bututun shan lemo, ta ce ya riƙa hurawa yana fitar da sauti, ruwan na ɓulɓul, hakan yana sassauta maƙogwaro. Ya ce, “Da farin gemuna zan zauna ina wasa da ruwa?” Sai na rufe ƙofa da taga yake yarda ya yi. A ɗakinta kuwa ɗalibi ne na kirki. Ta ba shi jimlolin Turanci da Larabci ya maimaita a hankali, da muryar baƙunta, ta yaba masa. Yana dawowa shago ya ɗauki waya, sai muryar kasuwa ta dawo, ta Hausa, wadda ake turowa daga wuya da ƙarfin tsiya. Ita ba ta san da wannan muryar ba, don ba ta taɓa jin ta ba. Na je na faɗa mata, na ce a bar jimlolin littafi, a koya masa faɗin sallamarsa ta kullum ba tare da ya shaƙe kansa ba. Muka yi ta yi tare, ita tana nuna hanya ni ina juyawa da Hausa. Da muka fito ta riƙe hannuna ta ce me ya sa ban karanci wannan fannin ba.

Tun ranar tambayar ta hana ni sakat. Ina cikin bas sai in tuna malamin Islamiyyarmu da yake ƙure murya a kan aji cike da yara, har ya koma nuni da sanda. In tuna ladanin unguwa da aka sauya shi shiru-shiru. In tuna 'yan kamasho a tasha, da masu talla. In tuna Asabe taki, da guɗarta ta mutu rana ɗaya aka ce asiri aka yi mata, ta daina zuwa biki don kunya. Kin ce a rage mata magana, ga shi an rage, kuma ba wanda ya ji daɗi. Duk waɗannan zuma da citta aka ba su. Ban san ko mutum nawa ne a Kano za su iya zama da su su gyara musu murya da harshensu ba, ni dai ban taɓa jin ko ɗaya ba.

Shi ya sa na nemi makarantun. Ban kalli hoton gini da ciyawa ba, kin koya min duba ƙasan tukunya kafin in saya. Tambayoyi na yi musu. Wa zai tsaya a kaina in ina duba mara lafiya? Masu ciwon murya nawa ɗalibi yake gani da idonsa kafin ya gama? Akwai likitan maƙogwaro da ake aiki tare da shi? Takardar za ta ba ni damar aiki a nan da kuma gida?

Ta kusa mutanen kirki ne, ba su yi min ƙarya ba. Matar da na tambaya a can ta ce ƙarfinsu a kan yara yake, murya darasi ɗaya ce a zango ɗaya, masu ciwon kuma gwargwadon wanda Allah Ya kawo. Zan fito na ƙware a abin da dama nake yi. Ta nesa kuwa kowane mako ɗalibi yana zama a asibiti gefen likita, yana kallon allon nan. Malaman makaranta, mawaƙa, har waɗanda aka cire wa maƙogwaro gaba ɗaya ake koya musu magana sabuwa. A intabiyu suka tambaye ni su wa nake so in yi wa aiki. Na ce 'yan kasuwar da muryarsu ce sa hannunsu. Suka yi murmushi, sai kuma suka gyara zama suka ce in ƙara bayani.

In don karatu ne, Umma, ba sai na hau abra ina kai da kawo ba, amsar a fili take. Baba ne. Ni ce mai gadin muryar nan. Ni nake ƙwace waya in ya zarce, ni nake tura masa gorar ruwa, ni nake harararsa in ya ɗaga haƙarƙari zai yi gyaran murya. Mai gyaran muryar ta ce in ya koma halinsa na da, tsiron yana iya dawowa. Na san mahaifina, kin fi ni saninsa. Ga iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, a ƙarƙashinsa take, in na daɗe a waje za ta mutu, kuma biza ta zama abin da ta zama ga mutanenmu. Ina iya tafiya in kasa dawowa lokacin da yake buƙatata. Tun da kika tafi mu biyu ne a kan faranti. Ina tsoron in je koyon gyaran muryar mutane, ta ubana ta lalace a bayana.

Ban ɓoye masa komai ba, bangon ɗakinmu ma ba ya riƙe sirri, duk intabiyun a kunnensa aka yi. Bai ce uffan ba. Ya sami mafaka, likita ya hana shi yawan magana.

Yau da azahar na kai masa abinci shago. Tun daga nesa na hango mutane a ƙofa suna dariya. Baba ne zaune a kan kujera, a waje, a bainar jama'a, da kofinsa da bututunsa, yana hurawa ruwa na ɓulɓul. Maƙwabcinsa Alhaji Ɗanlami yana cewa, “Alhaji, an koma yaye ne?” Ba'iraniyen nan yana tafa masa. Mutumin da sai na rufe taga. Bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe, yana kallona ta saman kofin. Ya ajiye, ya kurɓi ruwa a gora, ya ɗauki wayarsa. Ina tsaye a gabansa da kula a hannu, da ya miƙa hannu zai taɓa ni, amma ya danna ya kai waya baki.

“Salamu alaikum, Uwata, Alhaji Sabo ne daga Dubai. Makarantar can mai nisa za ki. Ga kofina ga bututuna, ba sai an tsare ni ba. Ki amsa musu. Khalas.”

Wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Da a baki ya faɗa min, da na ja, da mun yi ciniki. Ya san haka, shi ya sa ya ɗauka. Na ajiye kular na juya, ban tsaya ko'ina ba sai bakin ruwa.

Na saurari saƙon nan har na daina ƙirgawa. Da kunnenki nake fara ji, wanda kika bar min ba tare da kin tambaye ni ko ina so ba. Muryar ba ta karya ba. Ta yi rawa a kan “nisa”. Ba ta son in tafi, Umma, ko kaɗan ba ta so, kuma na yi kuka a cikin abra a gaban mutane. Sai kuma in sake saurara da ɗaya kunnen, na makaranta. Bai yi gyaran murya ba. Ya ja numfashi kafin sallama, ya sake ta a hankali yadda muka koya masa, bai turo ta daga wuya ba. Ba wanda ya harare shi, da kansa ya yi. Duka biyun gaskiya ne, shi ya sa na kasa zama.

A tsallakawa ta ƙarshe ne na tuna abin da yake gabana tun farko. Ke ba ki taɓa taka shagon nan ba. Ba ki taɓa ƙwace masa waya ko tura masa gora ba. Daga Fagge kika riƙe mutumin nan shekara da shekaru, kika san ranar da bai ci ba da ranar da zazzaɓi ke tafe, da kunne kawai. Ni da za a ƙara min da karatu a kai, ba ni da hujjar cewa ba zan iya ba.

Zan amsa wa ta nesa kafin a kira magariba. Ban daina tsoro ba, kuma ban yi miki alkawarin zan daina ba. Amma da sharaɗi zan tafi, kuma a saƙon murya zan tura masa don ya zauna: kullum da safe, kafin Hajiya Talatu, kafin kowa, ni zai fara yi wa sallama. In na ji abin da ban gane ba, zai sha faɗa da irin kalmominki.

Allah Ya jiƙan ki, Umma, Ya haskaka kabarinki, Ya sa kin huta. Allah Ya tsare min muryar Baba har in dawo in same ta. Ya sa abin da zan koyo ya amfani Asabe da ire-irenta, Ya ba ni ko rabin kunnenki. Ya haɗa mu a inda zan sake jin kin ce in nemi wuri in zauna.

Bari in tashi in koma shago. Ina da tabbacin ko buɗe kular nan bai yi ba.

Taki har kullum,
Mai-sunan-Hajiya
Al Ras, Dubai